Ƙwannafi da Maganin Gargajiyar Sin: Tambayoyi da Amsoshi

Ƙwannafin da ke dawowa kullum yana gajiyar da mai shi. Mutum ya sha omeprazole, maganin asibiti mai rage tsamin ciki, wata da watanni, yana ajiyewa zafin ƙirjin ya dawo, dole ya fara waige-waige, kuma abin da aka fi nuna masa a 'yan shekarun nan shi ne "maganin China". Ga tambayoyin da masu wannan larura suka fi yi a kan batun. Amsoshin bayani ne, ba za su tsaya a madadin likitan da zai duba ka ido da ido ba.

Me ke kawo ƙwannafin nan? Ba ita ce olsa ba?

Ba ita ba ce, ko da yake a wajenmu kusan duk ciwon da ya taso tsakanin cibiya da maƙogwaro olsa ake ce masa. Olsa gyambo ne a jikin tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, kuma yawanci ƙwayar cutar H. pylori ce ke haddasa ta, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Idan ƙwayar cutar ce ta haddasa ta, maganinta ya haɗa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na kwana 10 zuwa 14.

Shi kuwa ƙwannafi daga mashigar tumbi matsalar take. A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai zoben tsoka da ke buɗewa abinci ya wuce, sannan ya tsuke kamar bakin jakar da aka zuge. Idan zoben ya yi sako-sako, ko yana yawan buɗewa ba lokacin haɗiya ba, sai ruwan tsamin ciki ya hauro. Tumbi yana da rigar da ke kare shi daga wannan ruwa, bututun abinci ba shi da irinta. Shi ne zafin da ake ji a tsakiyar ƙirji, da gyatsa mai tsami, wani lokaci har da tarin dare da dashewar murya da safe. Teɓa, juna biyu, taba, cika ciki da kwanciya daf da gama cin abinci duk suna ƙara shi. Idan abin yana zuwa sau biyu ko fiye a mako, ya tashi daga ƙwannafin da kowa kan yi ya zama cuta.

Yaushe ne bai kamata in tsaya neman wani magani ba, in tafi asibiti kawai?

Na kawo wannan tambaya kusa da farko da gangan. Idan abinci yana maƙale maka ko haɗiya tana yi maka zafi, idan kana ramewa ba dalili, idan ka yi aman jini ko bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin, idan aman ya ƙi tsayawa, ko an ce jininka ya yi ƙasa, to ba ganye ba allura. A je a zura na'urar hangen ciki a ga abin da ke nan. Haka wanda ciwon ya fara masa bayan ya manyanta.

Sannan ciwon zuciya yana iya zuwa da kamannin ƙwannafi. Nauyi a ƙirji da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi da haki, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga, na gaggawa ne a wannan sa'ar.

Su likitocin gargajiyar Sin yaya suke kallon cutar?

Sun daɗe da saninta. Littafin Huangdi Neijing, wanda aka tattara shekaru fiye da 2,000 da suka wuce, ya ambaci aman tsami, ya danganta shi da zafi. A cikinsa kuma akwai maganar cewa idan ciki bai daidaita ba barci ba ya daɗi, abin da duk mai ƙwannafin dare zai gaskata.

A fahimtarsu akwai wani ƙarfi da ke gudana a jiki, suna kiransa ci, kuma na tumbi ƙasa ya kamata ya riƙa yi. Idan ya juyo sama sai a sami gyatsa, tsami da amai. Daga nan sai likitan ya nemi abin da ya juyo da shi. Zai duba launin harshenka da abin da ya kwanta a kansa, ya ɗora yatsu uku a wuyan kowane hannu yana jin bugun jini, ya yi ta tambaya: ruwan sanyi kake so ko na ɗumi, bakinka yana ɗaci, ciwon yana tashi idan ranka ya ɓaci? Mai ɗacin baki da jan harshe da saurin fushi, sai su ce zafin hanta ne ya afka wa tumbi. Wanda ruwa mai tsami-tsami ke taruwa masa a baki, ga kasala, ga son abu mai ɗumi, sai su ce sanyi ne da raunin saifa. Wanda yake jin kamar wani abu ya tokare masa maƙogwaro, ba ya haɗiyuwa ba ya fita, nasa rukunin daban ne. Kowane rukuni da maganinsa, har ma abin da zai yi wa wannan daɗi yana iya tayar wa wancan da ciwo.

A kula da abu ɗaya. Hanta da saifa a bakinsu sunayen ayyuka ne a cikin tsarin tunaninsu, ba lallai gaɓoɓin da ake gani a hoton asibiti ba. Idan an ce maka hantarka ta yi zafi, ba ana nufin kana da ciwon hanta ba, kada hankalinka ya tashi. Shi kansa ƙarfin nan da suke kira ci babu na'urar da ta taɓa auna shi. Abin da na fi gani da daraja a wannan tsari shi ne zaman da likitan kan yi yana sauraron marar lafiya, yana tambayar abincinsa da barcinsa da damuwarsa, domin an tabbatar damuwa tana ƙara wa mai ƙwannafi jin zafin.

Wane irin magani suke bayarwa?

Da wuya su ba da ganye guda. Haɗi suke yi, kuma yawancin haɗe-haɗen tsofaffi ne, da sunayensu da ma'auninsu a rubuce.

Wanda ya fi shahara shi ne Banxia Xiexin Tang, daga littafin likita Zhang Zhongjing wanda ya rayu wajen shekara ta 200 miladiyya. Abu bakwai ne a ciki: saiwar banxia, saiwoyi biyu masu ɗaci da ake kira huanglian da huangqin, busasshiyar citta, saiwar ginseng, saiwar gancao mai zaƙi wadda Larabawa ke kira irƙus-sus, da wata 'yar itace dangin magarya. Ana ba wanda cikinsa ke cushewa, ga tashin zuciya, ga ƙugin ciki. A littafin nan dai akwai Xuanfu Daizhe Tang na mai gyatsar da ba ta ƙarewa, wanda a cikinsa har da garin wani jan dutse mai ƙarfe.

Sai Zuo Jin Wan, wanda ake dangantawa da Zhu Danxi, likitan ƙarni na 14. Shi abu biyu ne kacal, huanglian kashi shida da 'ya'yan wuzhuyu kashi ɗaya, kuma masu ɗacin baki da ƙwannafin ɓacin rai ake ba.

Akwai kuma wanda aikinsa a fili yake, ba sai an yi dogon bayani ba. Suna daka farin ƙashin wata halittar teku mai fesa baƙin ruwa, ko su ƙona ɓawon kawa su niƙa, su zuba a cikin haɗin. Waɗannan kusan duk sinadarin kalsiyam kabonet ne, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai, kuma shi ne dai a cikin wasu ƙwayoyin taunawa da ake sayarwa a kemis don kashe tsamin ciki. Wanda ya sha ya ji sauƙi cikin 'yan mintuna ba ƙarya ya yi ba. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne, bai taɓa zoben tsokar da ya saki ba.

A gargajiyance ana tafasa haɗin ne a tukunyar ƙasa a sha ruwan sau biyu a rana, yanzu kuma akwai na gari da na ƙwaya. Likitan kan sake duba mutum bayan mako ɗaya ko biyu ya rage wani abu ya ƙara wani.

Ashe kenan kamar kanwar da muke jiƙawa ne?

Ta fuskar kashe tsami, i. Kanwa ma tana kwantar da tsamin ciki nan take, shi ya sa iyayenmu suka riƙe ta. Bambancin shi ne ita gishirin sodiyam ce ta cika, kuma yawan shanta yana tayar da hawan jini, yana tara ruwa a jiki. Likitoci a Zariya tun shekarun 1970 suka lura da alaƙar yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya mayar da ita abin sha kullum.

An gwada waɗannan magunguna a kimiyyance kuwa?

An gwada, sau da yawa ma, yawanci a cikin ƙasar Sin. Rahotanni da dama sun nuna cewa haɗa su da maganin asibiti yana rage alamun ciwon fiye da maganin asibitin shi kaɗai. Sai dai masu bitar waɗannan gwaje-gwaje kusan bakinsu ɗaya: mutanen da aka gwada ba su da yawa, lokacin gajere ne, kuma sau da yawa marar lafiya da likita duk sun san wa ya sha me. A cutar da awonta ya dogara da abin da mutum ya ce yana ji, wannan babban giɓi ne.

A Japan an fi tsananta bincike a kan wani haɗi mai suna rikkunshito, wanda asalinsa daga Sin yake, kuma likitocin asibiti a can suna rubuta shi kamar kowane magani. An ga alamar yana taimaka wa tumbi ya sauke abinci da wuri, yana rage cushewar ciki, amma sakamakonsa a kan ƙwannafi bai zo iri ɗaya a kowane gwaji ba.

Ban faɗi haka don raina ilimin mutanen nan ba. Daga wani tsohon littafinsu na ƙarni na 4 Tu Youyou ta samo hanyar fitar da artemisinin daga wani ganye dangin tazargade, maganin da yau yake ceton yaranmu daga zazzaɓin cizon sauro, har aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka tace shi, aka auna, aka gwada a kan dubban mutane. Haɗe-haɗen ƙwannafi ba su kai wannan matsayi ba tukuna. Idan bututun abinci ya riga ya saluɓe, magungunan dangin omeprazole su ne aka tabbatar suna warkar da shi, yawanci cikin mako takwas.

Tsira allurai fa, wato akufanca?

Siraran allurai ne, ba a zuba komai a cikinsu, ana tsira su a bar su minti 20 zuwa 30. Wuraren da aka fi amfani da su ga mai ƙwannafi uku ne: neiguan a cikin hannu, faɗin yatsu uku daga wuyan hannu, zusanli a ƙasan gwiwa ta waje, da zhongwan a tsakiyar tazarar da ke tsakanin cibiya da ƙashin ƙirji.

A 2005 masu bincike a Ostareliya sun sa wa mutane masu lafiya 'yar wutar lantarki a neiguan, suka ga yawan buɗewar zoben tsokar nan ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a lokacin gwajin. A 2007 kuma a jihar Arizona ta Amurka an raba mutum 30 da omeprazole bai ishe su ba gida biyu: wasu aka ninka musu maganin, wasu aka bar su a kan ƙwaya ɗaya aka ƙara musu allurai na mako huɗu. Masu alluran sun fi samun sauƙi. Mutum 30 ba yawa ba ne, kuma ba a kwatanta da allurar bogi ba, don haka ba za a ce magana ta ƙare ba. A ganina dai, cikin duk abin da ke wannan fanni, wannan ne wanda mai taurin ƙwannafi zai iya gwadawa da ƙarancin haɗari, muddin a hannun gwani ne.

Sharaɗin shi ne a ɓare sabuwar allura a gabanka a jefar da ita bayan an gama, domin ciwon hanta na B ya yi yawa a ƙasashenmu. Allurar da aka zurfafa a ƙirji ko gadon baya tana iya huda huhu. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su faɗa tun kafin a fara.

Tunda ganye ne da saiwa, ai ko bai yi magani ba ba zai cutar ba?

Wannan magana ta jefa mutane da yawa cikin wahala. A farkon shekarun 1990 a Brussels ta ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 da ke shan wani haɗin rage ƙiba sun sami mummunan ciwon ƙoda, da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da sankarar mafitsara da hanyoyin fitsari. Abin da ya faru shi ne an musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna, wadda ke ɗauke da gubar aristolochic. A cikin ƙasar Sin ma irin wannan guba ta ɓulla a wani sanannen maganin "zafin hanta" ta hanyar itacen guan mutong, har hukuma ta hana amfani da itacen a 2003.

Ko haɗe-haɗen ƙwannafin da na lissafa suna da nasu. Ɗanyen banxia guba ne, yana ƙona baki da maƙogwaro, sai an sarrafa shi da citta ko alif kafin ya shawu. Gancao, wanda yake cikin haɗe-haɗe da yawa, idan aka daɗe ana sha yana tayar da hawan jini, yana zubar da sinadarin fotasiyam, ƙafa ta kumbura, bugun zuciya ya rikice. Wuzhuyu idan ya yi yawa yana taɓa hanta. Huanglian yana sauke sukarin jini, abin lura ga mai shan maganin ciwon suga.

Sai kuma algus. Wani bincike da aka buga a Taiwan a 1997 ya duba samfur fiye da 2,600 na magungunan gargajiya, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu an cusa musu maganin asibiti a ɓoye, ciki har da na ciwon jiki da sitiroyid. Ga mai ciwon ciki, waɗannan su ne ainihin abin da ke huda tumbi.

Ina da juna biyu, ƙwannafi ya hana ni sakat. Zan iya sha?

A'a, Hajiya, ki haƙura da su. Banxia yana cikin abubuwan da su kansu littattafan Sin suka yi gargaɗi a kai ga mai ciki. Huanglian kuma yana da sinadarin berberin da ke iya tsananta shawara ga jariri sabon haihuwa, har Singafo ta hana sayar da shi tun 1978, sai bayan shekaru fiye da 30 ta sassauta. Fargabar ta fi yawa ga jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD a jini, kuma wannan gado ya yawaita a Najeriya da maƙwabtanta. Mai shayarwa ma haka. Ki faɗa wa ma'aikatan awo, akwai magungunan da aka san ba sa cutar da ciki, kuma yawanci ƙwannafin yana tafiya bayan an sauka.

Akwai abin da ya haramta ga Musulmi a ciki?

Yana iya kasancewa, don haka a tambaya. Wasu saiwoyin da giyar shinkafa ake soya su, wasu da ruwan matsarmamar alade ake sarrafa su, kuma kwanson ƙwayoyi sau da yawa daga jelatin ne wanda ba a faɗi dabbar da aka samo shi ba. Wani ruwan maganin ciki da ya shahara ƙwarai a can, Huoxiang Zhengqi Shui, barasar da ke cikinsa ta kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100. A haɗe-haɗen narkar da abinci kuma akan sa busasshiyar fatar cikin ƙundun kaza. Hukuncin kowanne sai a koma ga malamai, amma malamin ma sai ya san abin da ke cikin kwalbar kafin ya yi fatawa.

Wanda ake tallatawa a kasuwa da WhatsApp, shi ne wannan da kake bayani?

Mafi yawansa ba shi ba ne. Tushen maganin Sin shi ne a duba mutum a ba shi abin da ya dace da rukuninsa, a sake dubawa a canza. Kwali ɗaya da aka ce yana maganin olsa, basir, sanyi, ciwon suga da rashin haihuwa a lokaci guda ya saɓa wa wannan tsari tun daga tushe. Ita kuma na'urar da ake ba mutum wani ƙarfe ya riƙe, kwamfuta ta fitar da jerin cututtukansa cikin minti biyu, ba ta cikin likitancin Sin ba ta cikin na asibiti. Aikinta ta tsorata ka ka sayi kaya. Abin yana ci mini rai, domin waɗanda ake karɓe wa kuɗin su ne waɗanda kuɗin gwajin asibiti ya gagara.

Idan za ka saya, duba lambar NAFDAC, ka tabbata an rubuta abubuwan da ke ciki da harshen da kake karantawa. Ka kuma sani cewa lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba a ga guba ba, ba shaidar cewa maganin yana warkarwa ba.

Zan iya ajiye omeprazole in koma wannan, ko in haɗa su?

Kada ka yanke shi rana ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha, idan ya daina kwatsam ciki kan ƙara yawan tsami na 'yan makonni, sai ya ɗauka cutar ce ta ƙaru. Da shawarar likita ake ragewa sannu a hankali. Kafin ma ka ce bai yi maka aiki ba, duba yadda kake shansa: minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo ake sha, da yawa kuwa sai bayan sun ci suke haɗiya.

Idan za ka haɗa, kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ya ba ka. Garin ƙashi da ɓawon kawa da jan dutsen nan suna riƙe wasu magunguna a hanji su hana su shiga jini, kamar ciprofloxacin, doxycycline, maganin ƙarin jini da dolutegravir na masu cutar HIV, don haka sai an raba lokacin shansu da sa'o'i. Mai shan maganin tsinka jini na warfarin kuwa ya nisanci saiwoyin danshen da danggui, suna iya sa jini ya ƙi tsayawa.

Me suka ce game da abinci? Da azumi kuma yaya zan yi?

A nan ne likitan Sin da na asibiti suka fi haɗuwa. Sinawa suna cewa a ci a tashi ciki bai gama cika ba, kamar kashi bakwai cikin goma, a ci da ɗumi, a tauna sosai, a rage maiƙo da yaji, kada a kwanta a kan abinci. Mu ma muna da hadisin raba ciki uku. Binciken asibiti ya ƙara da rage teɓa, barin taba, ba da tazarar sa'a uku tsakanin abincin dare da barci, kwanciya a ɓangaren hagu, da ɗaga kan gado santimita 15 zuwa 20 ta hanyar sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafunsa. Tara matasan kai ba ya yi, lanƙwasa mutum yake ya matse cikin.

Citta kaɗan tana kwantar da tashin zuciya, amma mai yawa tana tayar da ƙwannafi, kuma su kansu Sinawa ba sa ba mai rukunin zafi ita kaɗai. Na'ana'a tana sassauta zoben tsokar, mai wannan ciwo ya cire ta daga shayinsa. Sauran kuwa, su tsire da yajinsa, ƙosai, goro, kunun tsamiya, lemon kwalba, jiki magayi: abin da ka lura yana tayar maka shi za ka bari, ba sai ka haramta wa kanka komai ba.

Da azumi matsalar ba yinin ba ce, buɗe-baki ne da sahur. A sha ruwa da dabino da abu marar nauyi, a yi sallah, sannan a ci a hankali, soye-soyen a rage. Omeprazole a sha shi rabin sa'a kafin cin sahur. Komawa barci da an idar da Asuba da cikakken ciki shi ne ke sa mutum ya farka da wuta a ƙirji, don haka a rage yawan sahur ɗin, in kuma barcin ya zama dole a kishingiɗa.

Ina zuwa Guangzhou saro kaya. In ina son ganin likitansu na gaske, ina zan nufa?

Alhaji, ka nufi asibitin gwamnati na maganin gargajiya, kada ka tsaya a shagon da ɗan rakiya ya nuna maka. A Guangzhou akwai babban asibitin maganin gargajiya na lardin Guangdong, wanda aka kafa tun 1933. Likitocin irin waɗannan asibitoci sun yi aƙalla shekara biyar a jami'a, sun karanta likitancin zamani tare da nasu, kuma a can ma za ka tarar ana zura na'urar hangen ciki, ana gwajin H. pylori, ana rubuta omeprazole tare da haɗin saiwoyi.

Ka tafi da takardun gwajinka da kwalayen duk magungunan da kake sha, ka nemi tafinta wanda ba shi da kamasho a cinikin. Ka faɗi idan kana da hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda ko na hanta, ka kuma faɗi cewa ba ka son abin da aka sarrafa da giya ko alade. Ka roƙi a rubuta maka sunan kowane abu da nauyinsa, ka ɗauki hoton takardar don likitanka na gida ya gani. Kada ka sayo na wata shida, tunda haɗin ana canza shi ne gwargwadon yadda jiki ya karɓa, kuma kada ka raba wa 'yan uwa naka. Idan za ka wuce wata guda kana sha, a auna maka hawan jini, a yi gwajin hanta da ƙoda kafin ka fara da kuma bayan makonni huɗu.